Tarihin Makarantar Ƙasa da Ƙasa ta Jeniba: Mafarin Karatu da Faransanci da Ingilishi a Makaranta Ɗaya

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin masu hali a Yawunde ko Duwala, ko Yamai, ko Injamena, da wuya ya rasa cin karo da allon wata makaranta mai zaman kanta da ke shelar cewa ita ta ƙasa da ƙasa ce, kuma da harshe biyu take koyarwa, wato Faransanci da Ingilishi. Iyaye kan matse bakin aljihu su kai 'ya'yansu, bisa fatan yaro ya fita da harsunan nan biyu a bakinsa, da takardar shaidar da jami'o'in waje za su karɓa. Irin wannan makaranta tana da asali, kuma asalin nata sananne ne: an san garin da aka soma ta, da ranar, da mutanen da suka soma ta.

A wannan darasi za mu bi tarihin Makarantar Ƙasa da Ƙasa ta Jeniba da ke ƙasar Siwizalan, wadda ɗalibanta ke kira Ecolint. An buɗe ta a 1924, kuma ita ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin makarantun ƙasa da ƙasa da ke aiki har yau. A cikinta aka haifi jarrabawar Bakaloriya ta Duniya, wadda aka fi sani da IB. Za mu duba abin da ya sa aka kafa ta, da abin da ta yi niyya, da abin da ta cimma, da kuma inda niyyar ta gaza, domin matsalolin da ta yi fama da su su ne dai waɗanda makarantun harshe biyu na ƙasashenmu ke fama da su a yau.

Jeniba Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a watan Nuwamba na 1918, bayan ya ci rayukan miliyoyin mutane. Ƙasashen da suka yi nasara suka taru a birnin Faris a 1919, suka tsara yarjejeniyar sulhu, a cikinta kuma suka kafa wata majalisa wadda aikinta shi ne hana sake aukuwar irin wannan bala'i. Ita ce Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya. Aka zaɓi Jeniba ta zama mazauninta, saboda Siwizalan ba ta shiga yaƙin ba. A 1920 ma'aikatan majalisar suka tare a garin, haka kuma ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a ƙarƙashin shugabanta na farko, Bafaranshe Albert Thomas.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da yadda harsunan nan biyu suka zama abokan tafiya. Kafin yaƙin, Faransanci ne harshen huldar jakadanci a Turai, da shi ake rubuta yarjejeniyoyi ko da babu Bafaranshe a cikin masu sa hannu. A taron Faris shugabannin Amurka da Ingila suka tsaya a kan a ba Ingilishi matsayi daidai da na Faransanci, aka kuwa rubuta Yarjejeniyar Versailles da harsunan biyu. Majalisar da yarjejeniyar ta haifa sai ta gaji wannan tsari, harsunan aikinta suka zama Faransanci da Ingilishi.

Ma'aikatan da suka tare a Jeniba sun zo da iyalansu, nan take kuma suka tarar da matsala. Makarantun gwamnatin garin da Faransanci suke koyarwa, bisa manhajar Siwizalan. Ma'aikacin da ya fito daga Ingila ko Amurka ko Japan yana da zaɓi biyu, kowanne da ɗacinsa: ko ya bar ɗansa a makarantar kwana a gida su rabu shekara da shekaru, ko ya sa shi a makarantar gari, yaron ya koma gida wata rana ya tarar ba shi da takardar da za ta shigar da shi jami'ar ƙasarsa.

A daidai wannan lokaci Jeniba cike take da masana tarbiyya. Édouard Claparède ya kafa Cibiyar Jean-Jacques Rousseau a 1912 domin nazarin yadda yara ke koyo. Cikin malamanta akwai Adolphe Ferrière, mutumin da kurumta ta same shi tun yana saurayi, ta hana shi ci gaba da koyarwa a aji, sai ya koma rubutu da yaɗa ra'ayin sabuwar tarbiyya. Shi da abokansa suna ganin tsohuwar makaranta, mai hadda da bulala da cusa wa yara fifikon ƙasarsu a kan sauran ƙasashe, tana da hannu a yaƙin da aka gama. Iyaye na neman inda za su kai 'ya'yansu, masana na neman inda za su gwada ra'ayinsu, buƙatun biyu suka haɗu.

Ɗalibai Takwas da Zomo Ɗaya

Ranar 17 ga Satumba, 1924, aka buɗe makarantar a wani ƙaramin gidan katako da Ferrière ya ba da aro a unguwar Florissant. Ɗalibai takwas ne, malamai uku, kuma tarihin da makarantar ke bayarwa game da kanta ba ya mantawa da wani zomo da yaran ke kiwo. Paul Meyhoffer, mutumin Siwizalan, shi ne shugabanta na farko.

Cikin iyayen da suka tsaya mata akwai Arthur Sweetser, ɗan jaridar Amurka da ke aiki a sashen yaɗa labarai na majalisar, duk da cewa ƙasarsa ba ta taɓa shiga majalisar ba. Akwai Ludwik Rajchman, likita ɗan ƙasar Folan, shugaban sashen lafiya na majalisar, wanda daga baya ya zama jigon kafa asusun yara na UNICEF a 1946. Akwai kuma Fernand Maurette, masanin labarin ƙasa ɗan Faransa da ke aiki a Ƙungiyar Ƙwadago. Tun daga farko suka yarda a kan wasu abubuwa: makarantar za ta haɗa maza da mata, ba ta ƙarƙashin wata gwamnati ko wani coci, ba don riba aka kafa ta ba, kuma za ta yi aiki da harsunan majalisar guda biyu.

Wahalar farko da malaman suka gamu da ita ita ce ta yaran da suka fito daga makarantu mabambanta, wani ya yi nisa a lissafi amma bai iya Faransanci ba, wani ya iya harsunan biyu amma yana baya a lissafi, ga shi kuma kowane lokaci na shekara sabon yaro na iya zuwa idan an canza wa mahaifinsa wurin aiki. Sai suka ari tsarin da Carleton Washburne ya ɓullo da shi a garin Winnetka kusa da Chicago, inda kowane yaro ke bin darussansa gwargwadon saurinsa, ba sai ya jira ajin duka ba.

Cikin ɗaliban shekarun farko akwai wata yarinya 'yar Indiya, Indira Nehru, wadda ta zo a 1926 lokacin da aka kawo mahaifiyarta jinyar tarin fuka a Siwizalan. Ita ce ta zama Firaministar Indiya, Indira Gandhi. A 1929 makarantar ta yi girman da gidajen haya ba sa ɗaukarta, ta koma wani babban fili mai suna La Grande Boissière, inda babban reshenta yake har yanzu.

Marie-Thérèse Maurette da Tarbiyyar Zaman Lafiya

Idan ana maganar ruhin wannan makaranta, sunan da ke zuwa gaba shi ne na Marie-Thérèse Maurette, matar Fernand Maurette, wadda ta shugabance ta daga 1929 zuwa 1949. Mahaifinta, Paul Dupuy, ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a babbar makarantar horar da malamai ta Faris. Da ya yi ritaya sai ya biyo 'yarsa Jeniba, ya shiga koyar da yara wani darasi da ya haɗa tarihi da labarin ƙasa.

Yadda aka saba a Turai, yaro kan fara da taswirar garinsu, sai ta lardinsu, sai ta ƙasarsu, sauran duniya kuwa sai abin da lokaci ya bari. Dupuy ya juya tsarin. Yana farawa da duniya dunƙule, da tekuna da nahiyoyi da mutanen da ke cikinsu, sa'annan a gangaro zuwa ƙasashe. Dalilinsa a bayyane yake: a ajin da ke da yara daga ƙasashe goma, taswirar wace ƙasa za a fara rataye wa a bango?

A 1948 Maurette ta rubuta wa hukumar UNESCO wani ɗan littafi a kan ko akwai dabarun koyarwa da za su iya dasa son zaman lafiya a zukatan yara. A ciki ta tattara abin da ta gwada cikin shekara ashirin. Ta ba da shawarar kada a fara koya wa yaro tarihi sai ya kai kimanin shekara goma sha biyu, domin ƙaramin yaro ba ya jin komai a tarihi sai labarin jarumai da maƙiya, kuma idan an fara, a fara da tarihin duniya kafin na ƙasa. Ta nemi a riƙa tara ɗalibai a tattauna labaran duniya na yau da kullum, a kuma sa su aikin taimakon jama'a. Game da harshe, ra'ayinta shi ne kowane ɗalibi ya iya aiki da harshe biyu, domin wanda ya shiga harshe na biyu ya ga yadda wasu mutane ke tsara tunaninsu, zai yi masa wuya ya ɗauka cewa hanyar mutanensa ce kaɗai hanya.

Wannan shi ne ainihin abin da aka nufa da harshe biyu a farkon lamari. Maganar samun aiki ko shiga jami'ar waje tana nan, amma a bayan wannan take.

Yaƙi na Biyu da Abin da Ya Biyo Baya

Tarihi bai yi wa wannan buri sassauci ba. Japan da Jamus sun ba da sanarwar ficewa daga majalisar a 1933, Italiya ta bi su a 1937, a 1939 kuma yaƙi ya sake ɓarkewa. Ofisoshin majalisar suka zama kango, Ƙungiyar Ƙwadago ta kwashe ma'aikatanta zuwa Montreal a ƙasar Kanada a 1940. Iyaye suka tafi da 'ya'yansu, ɗalibai suka ragu ƙwarai, kuɗi ya yi ƙaranci. Yaran da suka zauna a benci ɗaya suka sami ƙasashensu a ɓangarori biyu na fagen fama. Duk da haka ba a rufe makarantar ba.

An rushe tsohuwar majalisar a 1946, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi gine-ginenta na Jeniba ta mai da su ofishinta na Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna a garin daga 1948, cibiyar binciken nukiliya ta Turai ta biyo baya a 1954, kamfanonin Amurka kuma suka riƙa buɗe ofisoshinsu. Ɗalibai suka yi ta kwarara, mafi yawansu masu jin Ingilishi. Cikin waɗanda suka ratsa makarantar bayan yaƙin akwai Norman Schwarzkopf, wanda ya jagoranci sojojin ƙawance a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Makarantar da aka kafa don zaman lafiya ta yaye janar ɗin yaƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakar abin da aji ke iya yi.

A wannan zamani ne wasu makarantu irinta suka yawaita a duniya, har aka kafa Ƙungiyar Makarantun Ƙasa da Ƙasa a 1951, wadda Ecolint ke tsakiyarta. A 1953 wani malamin tarihi Ba'amurke, Robert Leach, ya soma taron da ɗalibai ke kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa ya wakilci wata ƙasa ya kare matsayinta.

Makaranta Ɗaya, Jarrabawa Huɗu

Bunƙasar ta zo da cutarta. A ƙananan azuzuwa ana iya haɗa yara a koya musu tare, amma da zarar ɗalibi ya kusa gamawa, abin da ke gaban iyayensa shi ne jami'a, kowace jami'a kuwa takardar ƙasarta ta sani. Sai makarantar ta sami kanta tana shirya ɗalibai don jarrabawa huɗu: ta kammala sakandare ta Siwizalan, da bakaloriyar Faransa, da jarrabawar GCE ta Ingila, da jarrabawar shiga jami'o'in Amurka.

Waɗannan jarrabawoyi ba su yi kama da juna ba. Ɗalibin tsarin Ingila yakan zaɓi darussa kamar uku a shekaru biyun ƙarshe ya nutse a cikinsu. Na Faransa yana ɗauke da darussa masu yawa har ƙarshe, da falsafa a cikinsu. Na Amurka yana fuskantar tambayoyi masu yawa na zaɓen amsa. Babu yadda malami ɗaya zai haɗa su a aji ɗaya. Aka rarraba ɗalibai gida-gida, wani ajin bai wuce mutum uku ko huɗu ba, abin da ya ci kuɗi ƙwarai. Makarantar kanta ta rabu sashe biyu, na Ingilishi da na Faransanci, kowanne da shugabansa da malamansa. Yara na haɗuwa a filin wasa da wurin cin abinci, amma a aji kowa ya koma wa ƙasarsa. Abin da Maurette ta gina, jarrabawa ta rushe shi ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba.

Darasin da wannan ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne tarihi. Napoleon da ake koyarwa a Faris daban yake da wanda ake koyarwa a Landan, kuma ɗalibin da ke son cin jarrabawa dole ya rubuta wanda mai duba takardarsa ya sani. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da gyaran ya faro daga malaman tarihi.

Haihuwar Bakaloriya ta Duniya

A 1962 Robert Leach ya shirya taron malaman tarihi da zamantakewa na makarantun ƙasa da ƙasa a Jeniba. Daga wannan taro aka fara tsara manhajar tarihin zamani wadda ba ta ƙasa ɗaya ba ce, wadda ke sa ɗalibi ya duba hujjoji daga ɓangarori da yawa kafin ya yanke hukunci. Shugaban sashen Ingilishi na lokacin, Desmond Cole-Baker, ya ƙarfafa wa sauran malamai gwiwa su yi haka a nasu darussan. Malamin falsafa Gérard Renaud, daga sashen Faransanci, ya taka babbar rawa wajen tsara yadda darussan za su zauna da juna. John Goormaghtigh, mutumin Beljiyam da ya shugabanci hukumar gudanarwar makarantar, ya riƙe ɓangaren mulki da neman goyon baya.

Malaman sakandare ba su isa su sa jami'o'in duniya su karɓi takardar da suka ƙirƙiro ba, sai da kuɗi da manyan mutane. Kuɗin ya fito daga gidauniyoyin Amurka, musamman Gidauniyar Ford. Babban mutumin kuwa shi ne Alec Peterson, shugaban sashen ilmi na Jami'ar Oxford, wanda ya daɗe yana sukar yadda tsarin Ingila ke ƙuntata ɗalibi a darussa kaɗan tun yana ɗan shekara goma sha shida. Ya karɓi jagorancin aikin a 1966. Wasu makarantu suka shigo, ciki har da Kwalejin Atlantic da ke Wales da makarantar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York. A 1967 aka yi babban taro a Sèvres kusa da Faris, a 1968 kuma aka yi wa hukumar IB rajista a Jeniba. An yi jarrabawar farko ta hukuma a 1970. A 1971 Lord Mountbatten ya zo makarantar ya miƙa wa ɗalibanta takardunsu.

Tsarin da aka amince da shi sulhu ne tsakanin Faris da Landan. Ɗalibi zai ɗauki darussa shida, wanda ya gamsar da masu son faɗi, amma uku daga ciki a mataki mai zurfi, wanda ya gamsar da masu son nutso. Dole darussan su haɗa da harshe biyu, da lissafi, da kimiyya, da wani darasi na nazarin ɗan Adam. Faransawa sun so a tilasta falsafa, wasu suka ƙi, sai aka tsaya a kan wani darasi na nazarin ilmi kansa, inda ɗalibi ke tambayar yadda aka san abin da aka ce an sani. Aka ƙara da dogon rubutun bincike wanda a yau ke kai kalma 4,000, da aikin taimakon jama'a wanda ke tuna wa mutum shawarar Maurette. Harsunan jarrabawar a farko su ne Faransanci da Ingilishi. Da Peterson ya sauka a 1977, Renaud ne ya gaje shi.

Abin da Aka Samu da Abin da Ya Kuɓuce

A yau makarantu fiye da 5,000 a ƙasashe fiye da 150 ke bin tsarin IB. Ecolint kanta tana da rassa uku: La Grande Boissière, da La Châtaigneraie a jihar Vaud, da reshen da aka buɗe a 2005 kusa da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗalibanta sun kai kimanin 4,500 daga ƙasashe kusan 140, kuma ta yi bikin cika shekara ɗari a 2024. Ta wannan fuska nasarar ba ta da musu.

Sai dai akwai abubuwa biyu da mai nazari ba zai tsallake ba. Na farko, harsunan biyu ba su ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Mafi yawan masu zama jarrabawar IB a duniya da Ingilishi suke rubutawa, Sifaniyanci da aka shigo da shi daga baya ya wuce Faransanci, kuma ƙasar da ta fi kowace yawan makarantun IB ita ce Amurka. Ko a Jeniba, garin da ke magana da Faransanci, iyaye da yawa sun fi karkata ga Ingilishi, makarantar kuma na ta sake tsare-tsare domin Faransanci ya ci gaba da zama harshen koyar da darussa, kada ya koma darasi ɗaya cikin jadawali. Inda harsuna biyu suka zauna a aji ɗaya, wanda kasuwa ta fi so yakan danne ɗayan, sai in an tsaya an kare shi da gangan.

Na biyu shi ne kuɗi. Gidauniyar da ke riƙe da makarantar ba ta neman riba, amma kuɗin karatun manyan azuzuwa ya haura faran 30,000 na Siwizalan a shekara. Da yawa daga cikin iyayen, hukumomi ko kamfanonin da suke wa aiki ne ke ɗaukar musu babban kaso. Saboda haka ajin da ya haɗa ƙasashe masu yawa bai haɗa masu shi da marasa shi ba. Ɗan jakadan wata matalauciyar ƙasa ya fi kama da ɗan jakadan Faransa a kan ɗan manomin ƙasarsa.

Alaƙar Wannan Tarihi da Ƙasashenmu

Majalisar da ma'aikatanta suka kafa wannan makaranta ita ce ta tabbatar da raba Kamaru a 1922, bayan an ƙwace ta daga hannun Jamus: kaso mafi girma a riƙon amanar Faransa, ragowar a hannun Ingila. A Jeniba kwamitin da ke duba wannan riƙon amana yake zama, kuma Lord Lugard, wanda ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, ya shafe fiye da shekara goma yana cikinsa. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 11 ga Fabrairu, 1961, arewacin yankin Ingila ya shiga Nijeriya, kudancinsa ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru, ƙasar ta wayi gari da harsunan hukuma biyu, su ne dai na tsohuwar majalisar.

A 1963 gwamnatin Kamaru ta buɗe makarantar sakandare mai harshe biyu a Man o' War Bay kusa da garin Victoria, wato Limbe ta yau, inda aka haɗa yara daga ɓangarorin biyu. Masanin nan Bernard Fonlon ya yi kira da a fara koyar da harsunan biyu tun yara na ƙanana. Amma abin da ya faru a Jeniba ya maimaita kansa: jarrabawa ta raba ɗalibai. Aka kafa hukumar GCE ta Kamaru a Buea a 1993, dokar ilmi ta 1998 kuma ta tabbatar da tsari biyu, na masu Ingilishi da na masu Faransanci. Makarantu da yawa masu sunan harshe biyu sashe biyu ne a cikin katanga ɗaya. A ƙarshen 2016 yajin aikin lauyoyi da malaman yankunan masu Ingilishi, waɗanda cikin koke-kokensu har da turo malamai masu Faransanci makarantunsu, ya zama mafarin rikicin da ya rufe makarantu masu yawa na tsawon shekaru. Tsarin IB ma ya iso yankin ta hannun makarantu masu zaman kansu, irin waɗanda kamfanin Enko ya fara buɗewa a Yawunde.

Kammalawa

Tarihin Ecolint ya ba mu ma'aunin da za mu auna kowace makarantar da ta rataya allon harshe biyu. A tambaya ko ana koyar da lissafi da kimiyya da tarihi da harsunan biyu, ko kuwa ɗayan darasi ne kawai na awa biyu a mako. A tambaya ko yaran sassan biyu na zama aji ɗaya. A tambayi jarrabawar da ake shirya su dominta, domin mun ga cewa jarrabawar ƙarshe ce ke juya akalar duk abin da ke gabanta.

Akwai kuma tambayar da ta fi shafar ɗalibin Hausa. Yaran Sweetser da na Maurette, ɗaya daga cikin harsunan makarantar shi ne harshen gidansu. Yaron Garwa ko Maraɗi da ya shiga irin wannan makaranta yana zuwa da Hausa ko Fulfulde, sai a ɗora masa baƙin harsuna biyu, a kira shi mai harshe biyu, nasa kuwa ba a lissafa shi. Tsarin IB ya ba ɗalibi damar nazarin adabin harshen uwarsa a matsayin ɗaya daga cikin darussansa shida, ko da makarantar ba ta da malamin wannan harshe. Amfani da wannan dama yana buƙatar littattafai da manhaja da mutanen da za su iya duba rubutun ɗalibi, kuma samar da su aiki ne da ke kan masu nazarin Hausa.